CIWON HANTA DA AKE ƊAUKOWA A GIDAN LIKITA: DARASI A KAN ALLURA

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu ƙarami wanda babu gidan da bai san shi ba, wato allurar magani. Mutum yakan tashi da zazzaɓi ko ciwon jiki, ya tafi gidan likita, a yi masa allura, ya samu sauƙi, ya koma harkokinsa. Haka al'amarin yake a mafi yawan lokuta, kuma alluran da ake yi bisa ƙa'ida sun zama sanadin ceton rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Amma akwai lokacin da mutum yake zuwa neman maganin ciwon kwana uku, ya komo gida ɗauke da ciwon da zai zauna a hantarsa shekara ashirin yana cin ta a ɓoye, shi bai sani ba, wanda ya yi masa allurar ma wataƙila bai sani ba. Irin wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Za mu duba yadda hakan yake faruwa, da wuraren da ya faru, da abin da ya rataya a wuyan kowannenmu.

MENE NE CIWON HANTA?

Hanta ita ce matatar jini a jikin ɗan Adam. Tana tace guba, tana sarrafa abinci, tana haɗa abin da yake sa jini ya daskare idan an yi rauni. Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, da suke kama ta su kumbura ta. Likitoci sun kasa su gida biyar, suka sa musu haruffa: A, B, C, D da E.

Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kamar annobar nau'in E da ta auku a jihar Diffa a shekarar 2017. Ba su ne abin maganarmu a yau ba. Maganarmu a kan B da C take, domin su ta jini suke bi. An gano alamar ƙwayar B a shekarar 1965 ta hannun wani masani mai suna Baruch Blumberg, ita kuwa ƙwayar C sai a shekarar 1989 aka tantance ta.

Abin tsoro ga waɗannan biyun shi ne shirunsu. Wanda ya kamu yana iya yin wata ɗaya har zuwa wata shida kafin alama ta bayyana, wasu kuma babu alamar da za su gani ko kaɗan. Idan ta bayyana, sai a ga kasala, da rashin cin abinci, da tashin zuciya, da fitsari mai duhu, idanu su yi rawaya, abin da muke kira shawara. Daga cikin waɗanda suka kamu da nau'in C, kusan kashi 70 cikin 100 cutar takan zauna musu dindindin. Nau'in B kuwa, babban mutum yakan warke da kansa a mafi yawan lokuta, amma jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 sukan rayu da ita. Bayan shekaru sai hanta ta taurare ta ƙanƙance, ciki ya cika da ruwa, ko a yi aman jini, ko ciwon daji ya fito a hantar. A lokacin ne dangi suke fara cewa sammu ne ko jifa, alhali tushen abin yana can baya, ranar da kowa ya manta da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma da nau'in C, sa'annan mutum miliyan 1.3 suka rasu ta dalilinsu a wannan shekara.

YADDA ALLURA TAKE ƊAUKAR CUTA

Abin da muke kira allura kashi biyu ne. Akwai tsinken ƙarfe da yake huda fata, akwai kuma bututun roba da ake zuƙo magani a cikinsa, wato sirinji. Mutane da yawa suna zaton idan an canza tsinken, magana ta ƙare. Wannan kuskure ne babba, kuma shi ne zuciyar darasinmu. Duk lokacin da aka soka wa mutum allura, ɗan jini kaɗan yana iya komawa baya ya shiga cikin bututun, musamman sa'ad da ake cire tsinken. Jinin nan bai kai a gan shi ba, sirinjin yana nan fari tas ga mai dubawa, amma ya isa ya ɗauki cuta.

Daga nan hanya uku ce cutar take bi. Ta farko, a ɗauki allurar da aka yi wa wani a yi wa wani. Ta biyu, a canza tsinke a bar tsohon sirinji. Ta uku, wadda ta fi ɓoyuwa, a mayar da sirinjin da ya taɓa jikin majinyaci cikin kwalbar magani ko ledar ƙarin ruwa domin a ƙara zuƙowa. To, kwalbar nan ta gurɓata. Duk wanda aka zuƙo wa magani daga cikinta bayan haka yana cikin haɗari, ko da an buɗe masa sabuwar allura fil a gaban idonsa. Misalinta kamar randa ce da mai ƙazamin hannu ya tsoma moɗa a ciki: wanda ya zo daga baya, ko da kofinsa sabo ne, ruwan da zai sha ya riga ya ɓaci.

A ƙara da cewa ƙwayar B tana da taurin rai. Tana iya yin kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a kan ƙarfe ko tebur tana raye. Kuma ta fi ƙwayar sida saurin kamu nesa ba kusa ba. Idan tsinken da aka yi wa mai sida ya soki wani, kusan 3 cikin 1000 ne suke kamuwa, amma ga nau'in B adadin yana iya kaiwa 30 cikin 100. Goge allura da auduga da alkol, ko ɗauraye ta cikin ruwan ɗumi, ba ya mayar da ita mai tsarki daga wannan cuta.

ABIN DA YA FARU A LAS VEGAS

Kada wani ya ce wannan matsalar matalauta ce kawai. A birnin Las Vegas na jihar Nevada ta ƙasar Amurka akwai wani asibitin kuɗi da ake duba hanjin mutane da ƴar kyamara a bakin siririn tiyo. Kafin a yi aikin, ana yi wa mutum allurar maganin sa barci mai suna propofol. A farkon shekarar 2008 hukumar lafiya ta yankin ta lura cewa wasu mutane sun kamu da sabon ciwon hanta nau'in C kusan lokaci guda, abin da ba a saba gani ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar dukkansu an yi musu aiki a wannan asibiti.

Masu bincike suka je suka tsaya suna kallon yadda ake aiki, suka ga abin da idonsu. Ma'aikaci yakan zuƙo maganin daga kwalba ya yi wa majinyaci. Idan majinyacin yana bukatar ƙari, sai ya cire tsinken ya sa sabo, amma ya mayar da tsohon sirinjin cikin kwalbar. Abin da ya rage a kwalbar kuma, maimakon a zubar, sai a yi wa na gaba da shi, alhali kwalbar ta mutum ɗaya ce. Awon jini ya nuna cewa a ranar 25 ga Yuli da ranar 21 ga Satumba na shekarar 2007 cutar ta tashi daga jikin majinyaci mai ɗauke da ita ta shiga waɗanda aka yi wa aiki bayansa.

A watan Fabrairu na 2008 aka aika wa mutum kusan 40,000 takarda cewa su je a auna jininsu domin ciwon hanta da sida. A ƙarshe an tabbatar da mutum 9 da suka kamu ta wannan hanya, da wasu fiye da 100 da ake kyautata zaton a can suka ɗauka. Ku dubi halin da magidanci zai shiga ranar da irin wannan takarda ta iso masa, shi da matarsa, har ranar da sakamakon awo zai fito. An rufe asibitin. Mai shi, Dokta Dipak Desai, kotu ta same shi da laifi a shekarar 2013, ta yanke masa ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a shekarar 2017. Shaidu sun faɗa wa kotu cewa tsimin kuɗi da gaggawar sallamar majinyata masu yawa su ne suka jawo wannan ɗabi'a.

Kafin wannan, a shekarar 2002, an gano makamancinsa a garin Fremont na jihar Nebraska, duk a Amurka. A can, wurin jinyar masu ciwon daji ne. Ana ɗibar jinin majinyaci da sirinji, a mayar da shi cikin babbar ledar ruwan gishiri da ake ɗiba wa kowa. Mutum 99 suka kamu da nau'in C, bayin Allah da suke fama da wani ciwon tun farko.

DARASIN ƘASAR MASAR

Mafi girman abin da tarihi ya riƙe a wannan babi ya faru ne a Masar. Manoman bakin kogin Nilu sun daɗe suna fama da tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini da ake ɗauka a ruwa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 hukuma ta yi gangamin yi wa mutanen karkara magani, da kyakkyawar niyya. Maganin wancan zamani allura ce ta jijiya da ake maimaita wa mutum sau da yawa cikin makonni. Mutane sukan yi dogon layi, sirinjin kuwa na gilashi ne, ba su da yawa, babu lokacin da za a dafa su yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. A lokacin ba a ma san ƙwayar C ba. Haka aka yi ta raba ta ƙauye bayan ƙauye, har aka samu maganin tsargiya na haɗiya aka bar allurar.

Binciken ƙasa da aka yi a shekarar 2008 ya nuna kusan kashi 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 sun taɓa kamuwa da nau'in C, kusan kashi 10 kuma suna ɗauke da ƙwayar a jininsu. Babu ƙasar da ta kai haka a duniya a wancan lokaci. Amma labarin bai tsaya nan ba. Daga shekarar 2018 Masar ta shiga auna jinin jama'arta kyauta, aka auna mutum kusan miliyan 50 cikin ƴan watanni, aka ba waɗanda aka samu da cutar magani. A watan Oktoba na 2023 OMS ta shaida cewa Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a kan hanyar kawar da nau'in C. Ɓarnar da aka yi cikin shekara talatin, sai da ta ci wasu shekara arba'in da dukiya mai yawa kafin a shawo kanta.

A ƙasar Indiya ma, a garin Modasa na jihar Gujarat, nau'in B ya ɓarke a shekarar 2009, gomman mutane suka rasu. Bincike ya kai ga masu yin allura da tsofaffin sirinji, har aka gano rumbunan da ake tara waɗanda aka zubar domin a wanke a sake sayarwa.

ME YA SHAFE MU?

OMS ta ƙiyasta cewa ana yin allura kusan biliyan 16 kowace shekara a duniya, mafi yawansu na magani ne, kuma da yawa daga ciki da ƙwayar haɗiya ta wadatar. A ƙiyasin shekarar 2000, allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 21 nau'in B, da miliyan 2 nau'in C. Zuwa shekarar 2010 adadin ya sauko zuwa kusan miliyan 1.7 da kuma 315,000. Wannan ya nuna gyara yana yiwuwa. Daga cikin abin da ya kawo sauƙin akwai sirinjin da yake kulle kansa bayan an yi aiki da shi sau ɗaya, wanda shi ne ake yi wa yaranmu rigakafi da shi.

Ƙasashenmu na yammacin Afirka suna cikin wuraren da nau'in B ya fi yawa. Gaskiya ne mafi yawan masu shi a nan sun ɗauka ne daga uwa wajen haihuwa ko a ƙuruciya. To amma inda masu ɗauke da cuta suke da yawa, a nan ne allura guda marar tsabta ta fi haɗari, domin da wuya a yi wa mutum ashirin allura babu mai ita a cikinsu. Ga shi kuma muna da son allura. Wani idan likita ya rubuta masa ƙwayoyi sai ya fita yana gunaguni, yana ganin ba a duba shi da kyau ba. Wani kuma ba ya zuwa gidan likita ma, sai ya kira mai yawo da magani a kwali ya soka masa a zaure. Wannan son namu shi ne kasuwar masu ganganci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

AMANA DA LAMUNI

Majinyaci idan ya miƙa hannunsa ko ya kwanta, ya ba da amanar jikinsa ne ga wanda ya fi shi sani. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare. Malaman fiƙihu sun yi bayani a kan lamunin mai magani: wanda ya san aikinsa, ya bi ƙa'idarsa, aka samu abin da ba a so, hukuncinsa daban yake da na wanda ya yi sakaci, ko wanda ya kutsa cikin aikin da bai koya ba. Akwai hadisi a wajen Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani ba a san shi da iliminsa ba. Saboda haka wanda ya san haɗarin maimaita sirinji, ya maimaita domin ribar ƴan daloli ko domin kasala, kada ya fake da ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke alhaki daga kan mai sakaci. Idan ya tsere wa kotun duniya domin cutar ba ta bayyana da wuri, akwai ranar da babu abin da yake ɓoyuwa.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

Ga ƴan'uwanmu ma'aikatan lafiya, waɗanda mafi yawansu suke aiki da gaskiya cikin ƙarancin kaya, muna tunatarwa:

1. Kowane majinyaci da sabon tsinkensa da sabon sirinjinsa, kuma sau ɗaya ake aiki da su.
2. Kada sirinjin da ya taɓa jikin mutum ya koma cikin kwalba ko ledar ruwa, ko da domin shi wannan mutumin ne.
3. Kwalbar da aka yi domin mutum ɗaya, abin da ya rage a zubar. Ledar ƙarin ruwa ma ta mutum ɗaya ce.
4. A wanke hannu, a haɗa magani a wuri mai tsabta nesa da jini.
5. A jefa allurar da aka gama da ita cikin akwatin da aka tanada nan take, a ƙone yadda doka ta ce, kada ta kai juji inda yara suke tsince-tsince.
6. Idan kaya sun ƙare, a faɗa wa majinyaci da shugabanni gaskiya. Wanda ya ga abokin aikinsa yana ganganci, nasiha ta wajaba a kansa, in bai ji ba a kai maganar gaba.

Ga sauran jama'a kuwa:

1. Idan an ce za a yi maka allura, ka tambaya cikin ladabi ko akwai na haɗiya da zai yi aikin. Kada ka matsa wa likita sai ya yi maka allura.
2. Ka ga an yage ledar sabon tsinke da sabon sirinji a gabanka. Wannan haƙƙinka ne, ba raini ba ne, kuma ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Kunya a nan ba ta da amfani. Wanda ya raka tsoho ko mace ko yaro, shi ne idonsu.
3. A bar karɓar allura daga hannun wanda ba aikinsa ba ne, kome arahar kuɗinsa.
4. Hukuncin allura shi ne hukuncin duk abin da yake fitar da jini: askar wanzami wajen aski da ƙaho da kaciya da askin suna, da abin yankan farce, da abin hujin kunne. A sayi sabuwar reza, kowa da tasa. Alhazai su kiyaye wannan ranar aski a Mina. Kada a yi tarayya a asawaki ko buroshin haƙori.
5. A kai yara rigakafi. Tun shekarar 2008 rigakafin nau'in B ya shiga cikin alluran jarirai a Nijar, ana yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Mai ciki ta nemi a auna ta, domin in tana da cutar akwai matakan kare jariri, ciki har da rigakafi a cikin awa 24 na farko bayan haihuwa. Babban da aka auna ba shi da ita, shi ma yana iya yin rigakafin. Nau'in C ba shi da rigakafi.

GA WANDA YA RIGA YA KAMU

Awon jini kaɗai yake nuna cutar. Wanda ya san an sha yi masa allura a hannun da bai yarda da shi ba, ko an taɓa samun mai ciwon hanta a gidansu, ya je a auna shi tun yana jin ƙarfinsa. Wanda aka samu da ita kada ya yanke ƙauna. Nau'in C yana warkewa da ƙwayoyin da ake sha mako 8 zuwa 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da shi. Nau'in B yana da magungunan da suke danne ƙwayar su kare hanta, likita ne yake tantance wanda yake bukatarsu. A guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin hanta mai rauni ita za ta tace su, kuma wani jiƙon yakan ƙarasa ta.

Mu kuma kada mu ƙyamace shi. Nau'in B da C ba a ɗaukarsu ta musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko haɗa kafaɗa a sahu, ko alwala da buta ɗaya, ko gumi kamar yadda ake yaɗawa. Kada kuma a yi masa mummunan zato, domin kun ji yadda dubban mutane suka kamu ba tare da sun aikata kome ba face zuwa neman magani. Matarsa ko mijinta da ƴaƴansu su je awo, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, zama ya ci gaba.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi su karanta wa jama'a wannan darasi bayan salla, magidanta kuma su isar da shi cikin gida, domin mata da yara su ne suka fi zuwa gidan likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa ma'aikatan lafiya masu riƙon amana da alheri, Ya kare mu daga cutar da wani ko a cutar da mu. Allah ne Mafi sani.